Sa'a ce ko iyawa: abin da nake rubutawa a gasar Magadan Gari saboda musun da muke da ƙanina

Talata 7 ga Janairu 2025

Asalin abin dai musu ne. Ni da ƙanina duk muna buga SimCity BuildIt, gem ɗin nan na gina gari a waya da kamfanin EA ya fitar tun ƙarshen 2014, kuma a cikinsa akwai gasar da ake kira Contest of Mayors, mu dai gasar Magadan Gari muke ce mata. Ana haɗa ka da mutane har ku kai 100, a ba kowa allon ayyuka, kowane aiki da makinsa, wani ya ce ka ƙera ƙusa kaza, wani ya ce ka loda jirgin ruwa, wani ya ce ka saki bala'i a garinka ka gyara. Daga Laraba zuwa Litinin ake yi. Na sama a ɗaga su zuwa rukuni na gaba a ba su makullin filatinam, na can ƙasa a sauko da su. Rukunan guda shida ne, tun daga na unguwa har Mega, ni ina na huɗu wato na Birni.

Shi ƙanina cewa yake duk abin nan caca ce da aka saka wa riga, wai "Yaya ai sa'a ta fi manyan kaya, abin da allo ya ba ka shi za ka ci". Ni kuma na ce ƙarya ne, wanda ya iya ya iya. Jiya a shago muka kusa awa ɗaya a kai har kwastoma ta ce ku wai garin a ina yake ne. To shi ne na ce bari in riƙa rubutawa duk sati, matsakaicin makin da na samu a kowane aiki, da matsayin da na ƙare, da abin da ya faru, zuwa azumi sai mu zauna mu duba. Wanda ya faɗi zai sayi kaza gasasshiya guda, ba rabi ba.

Sharaɗi biyu na sa wa kaina: ba zan sa ko kwabo a cikin gem ɗin ba, kuma ba zan bar ɗinkin mutane saboda shi ba. Na farkon ma da sauƙi tunda a farkon 2025 ɗin nan katin naira ba ya biyan kuɗin waje.

Garina yana lebul 24 kuma da gangan na tsaya a nan wata da watanni. Ba na ɗaga gidaje sai dole, saboda ɗaga gida shi ke kawo ƙarin lebul, ƙarin lebul kuma shi ke buɗe sababbin kaya masu cin lokaci. A 25 shagon abincin gaggawa ke buɗewa, ni ba na so. Shi kuma ƙanina duk gidan da ya ga hular kwano a kansa sai ya danna, yanzu yana 31 sitonsa kamar an yi shara.

Yau ranar shiri ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Na cika masana'antu da kaya masu daɗewa, dusa awa 6, gilashi awa 5, sukari awa 4, yadi awa 3, kemikal awa 2, na bar su a ciki ban kwashe ba, don gem ɗin lokacin da ka kwashe yake ƙirgawa ba lokacin da ka zuba ba. Shagunan ma haka, gam da fenti a shagon kayan gini, donat a nasa shagon. Jirgin ruwa na loda masa komai saura akwati ɗaya. Gidaje uku da ruwan duwatsun Dr. Vu, mai sakin bala'i a gem ɗin, ya rushe na ƙi gyarawa sai aikin makulli ya fito, tunda gyaran ne ke ba da makullin zinare.

Laraba 8 ga Janairu

An buɗe. Allon bai yi laifi ba, aikin gam da na makullin zinare duk suna nan, cikin minti goma na gama uku saboda kayan suna jira. Sanyi ya hana ni zama a waje, yatsa ma da ƙyar yake jin sikirin.

Juma'a 10 ga Janairu

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne adadin ayyukan da za ka yi a sati ƙayyadadde ne, don haka duk ƙaramin aikin da ka ɗauka ka ci gurbin babba. Kuma ba a share aiki a banza, ko ka yi shi ko ka ɗauka ka yar, duk ɗaya an cire maka guda. Yau allona ya cushe da ƙananan ayyuka na maki ɗari bakwai ɗari takwas, sai na zauna ina kallonsu kamar mai jiran mota a tasha, na yi ɗinkin wuyan riga biyu na dawo, na zaɓi wanda ya fi sauri a cikinsu na yi don ya ba da wuri, abin da ya maye gurbinsa kuwa aikin sakin bala'i ne na sama da dubu biyu. To wannan sa'a ce ko iyawa? Zaɓen wanda zan ƙona nawa ne, abin da ya fito a bayansa ba nawa ba ne. Na rubuta shi rabi da rabi.

Litinin 13 ga Janairu

Na huɗu. Matsakaici 1,710. An ɗaga ni zuwa Babban Birni. Ƙanina ya zo na 41 a nasa rukunin, na tura masa hoton allon ban ce komai ba, ya turo min alamar kwaɗo. Wai rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Kuɗin da aka kashe satin nan: data 1,500, caji wajen mai caji sau uku 600.

Talata 14 ga Janairu

Shiri. Na faɗaɗa sito sau ɗaya, cikin kayan da ake faɗaɗa shi da su kyamara da kwaɗon ƙofa ina da su, sandunan ne sai da na yi kwana huɗu ina farautarsu a kasuwar duniya, inda 'yan gem ke sayar wa juna kaya.

Asabar 18 ga Janairu

Wannan satin tunda nake gem ɗin ban taɓa shiri irinsa ba, kuma ban taɓa cin dukan da nake ci ba. Ranar Laraba ana buɗewa na shiga, kafin la'asar ɗin Alhamis ina na biyu, na kwanta da murna, da asuba na duba na ga kaina na 14. Mutum biyar na sama sun yi nisan da ko da babur ba za ka kamo su ba, sunayen garuruwansu wasu da rubutun Koriya wasu da na Rasha, su suna farke lokacin da muke barci, kuma da ganin yadda makinsu ke tashi babu tsayawa ka san ko dai suna da gari na biyu da ke ciyar da su kaya, ko suna ƙona SimCash, kuɗin gem ɗin da ake iya saya da kuɗin gaske, suna gaggauta komai. Ni SimCash ɗina 212 ne kacal da na tara a hankali, ina riƙe da shi kamar kuɗin adashi.

Na yi amfani da tokin ɗin cita guda biyu da na ɓoye tun Disamba, shi ne mai ninka saurin shago sau 12 na awa ɗaya, na kunkuru sau 2 ne na lama sau 4. Fenti da ke cin kusan awa ya riƙa fitowa cikin 'yan mintuna, na ji daɗi a lokacin, amma da na duba allo gurbi ɗaya kawai na motsa. Asarar cita biyu.

Litinin 20 ga Janairu

Na 19. Matsakaici 1,880, wato ya fi na satin da na zo na huɗu da nisa. Na san an canja min rukuni don haka ba daidai ba ne a kwatanta kai tsaye, na faɗa wa ƙanina haka, ya ce Yaya ai kai ma ka fara kawo uzuri irin na 'yan ƙwallo. Ban da amsa.

Laraba 22 ga Janairu

Ban shiga ba. Zazzaɓi da mura, ga ankon biki na mata tara da za a karɓa Juma'a.

Alhamis 23 ga Janairu

Sai ƙarfe goma na dare na ɗauki aikin farko. Babu wani shiri, abin da ya rage a shaguna tun Litinin shi na kwashe.

Litinin 27 ga Janairu

Wannan shi ne abin da ya ɗaure min kai. Satin da na yi wasa da rabin zuciya, ina shan magani ina danna waya da hannu ɗaya, aikin da na ga dama shi nake ɗauka har da na ƙera kujeru na maki ɗari tara da a da ko kallonsa ba na yi, matsakaicina 1,520 kawai, amma na ƙare na 12. A rukuni ɗaya da wancan satin fa. Na farkon ma bai fi ni da wani abin kirki ba, da na yi irin makin satin da ya wuce a cikin waɗannan mutanen da ina cikin ukun farko.

Ƙanina ya zo shago musamman don wannan, ya zauna a kan bencin kwastoma ya ce "Yaya a fara neman kazar, ni mai yaji nake so." Yaran shago suna ta dariya.

Amma akwai maganar da 'yan kulob ɗinmu na cikin gem suka daɗe suna yi, cewa ba a saka ka a gungun mutum ɗari sai lokacin da ka ɗauki aikinka na farko, don haka wanda ya shiga ana buɗewa yana faɗawa cikin mayun gem ɗin masu jiran ƙararrawa, wanda ya makara kuma ya faɗa cikin irinsa 'yan sha'awa. In haka ne to ba sa'a ba ce zalla, ƙofa ce da mutum zai iya zaɓa. Zan gwada da gangan nan gaba. Ƙanina ya ce in dai sai ka yi zazzaɓi kake gano dabara to wannan ma sa'a ce.

Talata 28 ga Janairu

Mun yanke shawarar musayar gari na sati ɗaya. Shi zai buga nawa ni in buga nasa, wayoyin ma muka musanya gaba ɗaya muka canja layuka don kada a yi ta wahalar shiga akawun. Hujjata ita ce in iyawa ce to zan ɗaga garinsa daga arba'in da wani abu zuwa sama, shi kuma zai nutsar da nawa. Na riga na shirya nawa tsaf tun jiya da daddare kafin maganar ta taso, wannan kuskure ne na farko. Na ja masa kunne sau uku, kada ka taɓa gidaje, duk aikin da ya ce a ɗaga gida ka bar shi a allo. Ya ce ya ji.

Asabar 1 ga Fabrairu

Garin yaron nan wallahi abin tausayi ne. Sitonsa ƙarami kuma cike da tarkace, ƙarfe 40, irin shuka 35, abubuwan da minti ɗaya zuwa ashirin ke samar da su ya tara su sun cinye wuri, babu gam ko ɗaya babu fenti. Masana'antunsa rabi ƙanana ne na farkon gem masu hayaƙi. Ayyukan da ke fito masa kuwa irin na manya ne, kayan lantarki na awa 7, naman shanu da sai ka yi dusa uku tukuna ka jira kusan awa biyu da rabi. Na ɗauki aikin kayan lantarki da daddare na zuba na kwanta, da safe na ga ashe gurabensa ba su kai adadin da ake nema ba, sai na sake zagaye na biyu, aiki ɗaya ya ci min awa goma sha huɗu. Kamar a ba ka keken ɗinki mai tsallen zare ranar jajibirin sallah a ce nuna mana gwanintarka.

Na sayar da tarkacen, na sa shagon donat yana aiki ba tsayawa tunda guda ɗaya ana sayar da shi har Simoleon 950, wato kuɗin yau da kullum na gem ɗin, da kuɗin na canja masa masana'anta biyu. Wato dai satin nan gyaran gari nake ba gasa ba.

Litinin 3 ga Fabrairu

Ban ma san ta inda zan fara ba.

Sakamako dai: ni a garinsa na zo na 33, matsakaici 1,290. Ya fi abin da ya saba samu amma ba abin da zan yi baki da shi ba ne. Shi a garina ya zo na 11.

Da ya kawo wayar da yamma yana ta washe baki, na karɓa na buɗe, abu na farko da idona ya sauka a kai shi ne lambar da ke saman kwana. 25. Na ɗauka idona ne, na goge sikirin da gefen riga. 25 dai. Ashe ranar Lahadi da daddare yana na 16, ayyukan ɗaga gidaje guda biyu masu maki sama da dubu biyu suna zaune a allo tun Laraba yana kallonsu suna kallonsa, sai ya ce a ransa ai guda biyu ba za su yi komai ba, bai san sandar lebul ɗina saura ƙiris ta cika ba, ni na san da haka shi ya sa nake takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Wata bakwai ina riƙe da 24. Kuma lebul ba ya komawa baya, babu maɓallin da za ka danna.

Na yi shiru na kai minti biyar ina ta guga a kan rigar da na riga na goge. Ya ce Yaya ka yi haƙuri wallahi ban sani ba, na ce ai na faɗa maka sau uku, ya ce eh amma ba ka ce saura kaɗan ba. Wannan gaskiyarsa ce, ban faɗa ba. Ihu bayan hari.

Abin haushin kuma kowa ya ɗauki sakamakon a matsayin hujjarsa. Shi ya ce ga shi nan, ni da ban iya ba na zo na 11 kai gwani ka zo na 33, ina iyawar take. Ni na ce na 11 ɗin nan ai gumina ne, gam ɗin da ka kwasa wa ya zuba shi, jirgin da ka sallama wa ya loda shi, kai dai ka zo ka tarar da tuwo a kwano ka wanke hannu. Mai shayin bakin layinmu da muka kai masa ƙara ya ce shi a ganinsa duk mu biyun ba mu da aikin yi.

Talata 4 ga Fabrairu

Ban yi shiri ba, raina bai so.

Litinin 10 ga Fabrairu

Na 22, matsakaici 1,600. Na gina shagon abincin gaggawar tunda aikin gama ya gama, Simoleon ɗin da nake tarawa don faɗaɗa bakin ruwa ya tafi a nan. Yanzu guraben masana'anta da suke isata sun fara yi min kaɗan saboda akwai ƙarin baki da za a ciyar. Na kafa sabon sansani a 25, wannan karon na rubuta a jikin bangon shago kusa da lambobin awo: KADA A TAƁA GIDA.

Data ta ƙara kuɗi, tun watan jiya aka ce hukumar sadarwa ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari, yanzu ya iso kanmu. Gem ɗin kansa ba ya shan data sosai, ana ma iya zuba kaya a masana'anta babu intanet, amma kasuwar duniya ba ta buɗewa sai da ita kuma rabin rayuwata a can take. Satin nan data 2,200, caji 400.

Laraba 12 ga Fabrairu

Gwajin makara da gangan. Na shirya komai amma ba zan taɓa allo ba sai Juma'a bayan masallaci. Hannuna sai ƙaiƙayi yake.

Litinin 17 ga Fabrairu

Gungun da na faɗa ciki lallai masu sanyi ne, da na shiga na farkonsu bai yi nisa ba, mutum kusan talatin ma aiki ɗaya ko biyu suka yi suka ɓace. Amma na yi wa kaina wayon da ya fi ƙarfina, kwana uku ba su isa a gama ayyukan sati ba ga mai sana'a a hannu, ranar Asabar kuma aka kawo min shadda huɗu na gaggawa, aka rufe gasa ina da ayyuka bakwai da ban taɓa ba. Na 9, matsakaici 1,790. Da na yi bakwai ɗin nan ko da ƙanana ne da na shiga ukun farko, na lissafa a bayan takardar awo sau biyu.

Sau biyu ke nan makara tana ba ni gungu mai sauƙi. Sau biyu ba hujja ba ce, na sani, ƙanina ma ya faɗa kafin in faɗa. Sati mai zuwa Alhamis da safe zan shiga, tsaka-tsaki.

Alhamis 20 ga Fabrairu

Na shiga ƙarfe bakwai na safe. Lafiya lau.

Lahadi 23 ga Fabrairu

Ina na biyu, tsakanina da na farko maki dubu ɗaya da ɗari uku. Saura min ayyuka huɗu da na ɓoye don gobe, tunda na koyi cewa masu wayo ba sa nuna duk makinsu sai awannin ƙarshe, kana ganin mutum na takwas ka raina shi kafin ka juya ya tsallake ka.

Litinin 24 ga Fabrairu

Bari in rubuta shi yadda ya faru don kada gobe in ƙara gishiri. Saura awa uku a rufe na yi biyu daga cikin huɗun na hau na ɗaya, karo na farko a Babban Birni da na ga sunan garina a saman kowa, har na ɗauki hoto. Sai aikin sakin bala'i ya fito, babba, mafi tsoka da na gani duk satin. Na duba kayan Dr. Vu, batir akwai rimot akwai, safar hannu ce saura guda ɗaya tak. Na ɗauki aikin da tunanin ai kasuwa ba za ta rasa safa ɗaya ba. Kasuwar duniya duk sakan 30 take sabunta kaya, na zauna ina sabuntawa, ƙusa, katako, irin shuka, ƙusa, sau biyu na ga safar, kafin garin mai sayarwar ya gama buɗewa wani ya riga ni, kana shiga ka tarar da tambarin an sayar. Minti arba'in ina wannan. Na tambaya a kulob duk masu ita suna barci ko suna wajen aiki. Babu wuta tun safe, janareto kuma ba zan tayar don gem ba da man da lita ta kusa dubu, batir ya sauko 6, na aika yaro da gudu ya karɓo fawa banki wajen maƙwabci, kafin ya dawo waya ta mutu. Da ta kunnu saura minti ashirin da biyar, na shiga kasuwa sabuntawar farko ga safa nan har guda biyu a gari ɗaya, na saya, na saki girgizar ƙasa, maki ya shiga. Na ƙarshen ban samu yi ba. Na uku. Matsakaici 1,850. An ɗaga ni zuwa Mega.

Da daddare muka baje takardar da ƙanina. A garina, da hannuna, sati shida: 4, 19, 12, 22, 9, 3. Shi a garinsa da hannunsa bai taɓa wuce na 35 ba duk tsawon lokacin nan, kuma ko a satin da na fi kowane lalacewa ban sauka ƙasa da 22 ba. Wannan tazarar ba allo ne ya ba ni ita ba, sito ne da haƙurin ƙin ɗaukar ƙaramin aiki da sanin abin da za a bari a wuta kafin a kwanta. Amma tsakanin na 3 da na 19 kuma, in ka dubi matsakaicin makin kusan ɗaya ne, 1,850 da 1,880, wanda ya fi yawan ma shi ya zo na 19. Nan kam ba ni da ta cewa, waɗanda aka haɗa ni da su ne, da safar hannu ɗaya. Na yarda da wannan a gabansa. Shi kuma ya yarda cewa da ya san zancen barin kaya a shago ba a kwashe ba da bai daɗe a arba'in ba, ya fara yi ma tun bayan musayar, satin nan ya zo na 35 ɗin.

Akwai kuma abu na uku da babu wanda ya sa a musun tun farko, wato wanda yake da lokaci da wuta da kuɗin SimCash, shi ba ya cikin lissafin sa'a ba ya cikin na iyawa. Ƙanina ya ce ai samun wuta ma sa'a ce. Na ce to kai komai sa'a ne.

Kaza dai an raba kuɗinta biyu, 4,000 kowa, amma na cinye cinyoyin duka biyun a madadin lebul ɗina, bai yi musu ba.

Asabar 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na shiga Mega ranar Alhamis, mutanen nan wani jinsi ne daban, kafin in gama aiki biyar wani ya yi ninkin makina sau huɗu. Bayan sahur kafin a kira salla nakan zuba dusa da gilashi, minti biyu, sai kuma bayan an sha ruwa. Ba na son ya wuce haka a watan nan.

Litinin 3 ga Maris

Na 71. Ko rabin ayyukan ban yi ba don haka matsakaicin ba shi da amfanin rubutawa. Ɗinkin sallah ya fara shigowa, yau kaɗai yadi goma sha ɗaya aka kawo, na faɗa wa masu zuwa bayan goma ga azumi ba zan karɓa ba.

Tsarin da na yi: ba gasa har bayan sallah, ko za a sauko da ni har unguwa. Donat kawai zan riƙa yi ina tara Simoleon, in na ga kyamara ko sanda a kasuwa in saya, burina sito ya ƙaru sau biyu kafin Afrilu, sannan in sake tara cita ko uku ne. Ƙanina ya ce in ba shi garin ya riƙe min gasar kafin nan, na nuna masa rubutun da ke jikin bango na ce ya karanta da ƙarfi, sannan na miƙa masa almakashi da shaddar da ke kan tebur.